HARAJIN MAN JIRAGE: DARASI GA JAMA'AR ƘASA

Gabatarwa

A unguwar Sabon Gari da ke cikin birnin Minna, hedkwatar Jihar Neja, babu gidan da tsadar mai ba ta leƙa ba. Mai keke-napep yana lissafin lita kafin ya lissafa fasinja. Mai injin niƙa ya ƙara kuɗin mudu. Tela da mai aski da mai sayar da ruwan sanyi kowa sai ya dubi tankin janaretonsa kafin ya yanka wa mai saye farashi. Tun daga ranar 29 ga Mayu 2023, sa'ad da Shugaban Ƙasa Bola Ahmed Tinubu ya bayyana a jawabinsa na kama mulki cewa tallafin man fetur ya ƙare, talakan ƙasar nan yake sayen mai da tsada.

Amma akwai waɗansu masu shan mai, waɗanda kuwa shan nasu ya fi na kowa yawa, da a galibin ƙasashen duniya ba a karɓar haraji a kan man da suke ƙonawa. Su ne jiragen sama masu ƙetare iyakar ƙasa, da manyan jiragen ruwa masu dakon kaya a teku, da manyan jiragen kamun kifi. A shekarun nan an ta da muhawara mai zafi a duniya kan ko ya kamata a kawo ƙarshen wannan gata. Manufar wannan darasi ita ce a bayyana wa mai karatu asalin gatan, da dalilan masu son a soke shi, da hujjar masu son a bar shi, da kuma yadda al'amarin ya shafi mutumin Sabon Gari wanda mai yiwuwa ne bai taɓa ganin teku da idonsa ba.

1. Tallafi iri biyu ne

Lalle ne tun da fari a rarrabe tsakanin abubuwa biyu da jama'a kan haɗa su wuri ɗaya.

Na farko shi ne tallafi na fili. Wannan shi ne inda gwamnati take fitar da kuɗi daga baitulmali ta cike giɓin da ke tsakanin ainihin farashin kaya da farashin da aka sayar wa jama'a. Irinsa ne aka yi wa fetur a Nijeriya shekara da shekaru.

Na biyu shi ne tallafi na ɓoye, watau yafe haraji. A nan gwamnati ba ta fitar da ko kwabo. Abin da take yi shi ne ta ƙi karɓar kuɗin da ya kamata ta karɓa. Alal misali, a ƙaddara 'yan kasuwa biyu ne suke da rumfa a layi ɗaya. Ɗaya yana biyan kuɗin rumfa kowane wata, ɗayan kuwa an ce an yafe masa. Ba wanda ya ga an miƙa wa na biyun kuɗi a hannu, amma duk wata yana komawa gida da abin da maƙwabcinsa ya rasa. Bugu da ƙari, idan lokacin kwashe shara da gyaran kwata ya zo, da kuɗin mai biya za a yi aikin, alhali kuwa sharar ta su biyun ce. In har wanda aka yafe wa shi ne ya fi jari, ya kuma fi zubar da shara, to, rashin adalcin ya fito fili.

Tallafi na fili yana bayyana a cikin kasafin kuɗi, kowa yana ganinsa, saboda haka shi ne ake fara sara. Na ɓoye kuwa ba ya da layi a kasafi, don haka yakan daɗe ba wanda ya tuna da shi.

2. Abin da ya faru a gida

Tun a shekarun 1970 gwamnatocin Nijeriya suke tsayar da farashin fetur. An sha yunƙurin janye hannu. A ranar 1 ga Janairu 2012 gwamnatin Shugaba Goodluck Jonathan ta ɗaga lita daga naira 65 zuwa naira 141, aka yi yajin aiki da zanga-zanga a birane, har aka dawo da ita naira 97. A watan Mayu 2016 gwamnatin Shugaba Muhammadu Buhari ta kai lita naira 145, a wannan shekarar kuma aka janye tallafin kananzir. Man dizal da man jirgin sama tun kafin haka aka sakar wa kasuwa farashinsu.

A shekarar 2022 kaɗai tallafin fetur ya ci fiye da naira tiriliyan 4. Da aka janye shi a 2023, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura naira 500 cikin 'yan kwanaki a jihohin Arewa, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce naira 1,000 a gidajen mai da yawa. Kuɗin mota ya tashi, kuɗin doya da shinkafa da ake kawowa Minna daga ƙauyuka ya bi shi.

Ya kamata a lura da wani bambanci a nan. A ƙasashen Turai direban mota yana biyan haraji mai nauyi a kan kowace lita, har yakan kai wajen rabin kuɗin da ya miƙa a gidan mai, amma jirgin saman da ya wuce ta kansa zuwa wata ƙasa ba ya biya. A Nijeriya ba a ɗora wa fetur irin wannan haraji ba. Abin da ya faru a nan shi ne an janye tallafi. To, amma tambayar ɗaya ce a ko'ina: idan an ce ƙaramin mai shan mai ya ɗauki nauyin man da yake sha, me ya hana a ce wa babba ma ya ɗauki nasa?

3. Jiragen sama

Asalin gatan jiragen sama yana komawa ne ga Yaƙin Duniya na Biyu. A ranar 7 ga Disamba 1944 ƙasashe 52 suka sa hannu a wata yarjejeniya a birnin Shikago na Amurka, wadda ta tsara zirga-zirgar jiragen sama na farar hula tsakanin ƙasashe. Daga cikinta aka kafa Hukumar Kula da Zirga-zirgar Jiragen Sama ta Duniya, mai hedkwata a Montiriyal ta Kanada. Nijeriya ta shiga bayan ta sami 'yancin kai a 1960, har ma ɗan ƙasar nan, Dokta Olumuyiwa Benard Aliu, ya shugabanci majalisar hukumar daga 2014 zuwa 2019.

Sashe na 24 na yarjejeniyar ya hana wata ƙasa karɓar kuɗin fito a kan man da jirgi ya sauko da shi a cikin tankinsa. Nan haninsa ya tsaya. Bai hana ƙasa ta karɓi haraji a kan man da aka ɗura wa jirgi a filinta ba. Abin da ya faɗaɗa gatan shi ne ɗimbin yarjejeniyoyin da ƙasashe suka ƙulla bibbiyu a tsakaninsu, inda kowacce ta yi alkawarin ba za ta karɓi haraji daga jiragen 'yar'uwarta ba. A wancan zamani dalilin yana da ƙarfi: sana'ar jirgin sama jaririya ce, ana son ta tsaya da ƙafarta, ba kuma wanda yake maganar hayaƙi. Yau sana'ar ta haura shekara 80, tana ɗaukar fasinja fiye da biliyan 4 a shekara, amma har yanzu ana goya ta.

Jiragen da ke zirga-zirga a cikin ƙasa ɗaya kuwa, babu wata yarjejeniya da ta hana a karɓi haraji a kan mansu. Amurka da Japan da Indiya da Norwe duk suna karɓa.

Jiragen sama suna fitar da kimanin kashi 2.5 cikin ɗari na iskar kabon da 'yan Adam ke sakewa a sararin sama kowace shekara. Wani bincike da aka buga a 2020 ya nuna cewa kashi 11 cikin ɗari ne kacal na mutanen duniya suka hau jirgi a 2018, kuma kashi 1 cikin ɗari, watau masu yawan tafiye-tafiye, su ne suka jawo rabin hayaƙin jiragen fasinja. Filin jirgin saman Minna yana Maikunkele, tafiyar 'yan mintoci daga Sabon Gari, a watan Maris 2024 kuma aka raɗa masa sunan Shugaba Tinubu. Mai karatu yana iya ƙidaya da kansa ko mutum nawa ne a layinsu suka taɓa tashi daga can, in ban da masu zuwa aikin hajji.

4. Jiragen ruwa masu dakon kaya

Minna gari ne da jirgin ƙasa ya raya, jirgin ƙasan kuwa jirgin ruwa ne ya kawo shi. A garin Baro da ke bakin Kogin Kwara aka riƙa sauke ƙarafunan da aka shimfiɗa hanyar dogo daga Baro zuwa Kano, wadda ta bi ta Minna, ta isa Kano a 1911. A watan Janairu 2019 aka ƙaddamar da sabuwar tashar jiragen ruwa a Baro. Saboda haka alaƙar wannan yanki da dakon ruwa tsohuwa ce.

A yau fiye da kashi 80 cikin ɗari na nauyin kayan cinikin duniya ta teku yake bi. Alkamar da ake yin burodi da ita, da kayan gyaran babur, da wayar hannu, da magunguna da yawa da ke kantunan Sabon Gari, duk sun kwana a cikin jirgin ruwa kafin su sauka a Apapa ko Tin Kan ko Lekki ko Onne. Galibin waɗannan jirage suna ƙona wani baƙin mai ne mai kauri, wanda shi ne ragowar da ke saura a matata bayan an tace fetur da dizal da kananzir. Hayaƙinsu ya kai kusan kashi 3 cikin ɗari na abin da duniya ke fitarwa.

Dalilin da ya sa ba a karɓar haraji a kan wannan mai ya bambanta da na jiragen sama. Babban jirgi yana iya ɗura man da zai kai shi makonni yana tafiya. Idan wata tasha ta ɗora haraji, sai ya wuce ta ya sha a tashar da ba ta ɗora ba. Don haka ba ƙasar da ke son ta fara ita kaɗai. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Wannan ne ya sa aka kai maganar gaban Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Ruwa ta Duniya da ke Landan. A watan Yuli 2023 ƙasashe suka amince a kawar da hayaƙin jiragen ruwa nan da wajen shekarar 2050. A watan Afrilu 2025 aka amince da wani daftari da zai sa jiragen da girmansu ya wuce tan 5,000 su biya dala 100 ko dala 380 a kan kowane tan na hayaƙin da ya zarce iyakar da aka yanka musu, gwargwadon yadda suka zarce. Sai dai a watan Oktoba 2025, bayan adawa mai ƙarfi daga Amurka da Saudiyya, aka kaɗa ƙuri'ar ɗage zartar da daftarin da shekara ɗaya. Tarayyar Turai kuwa tun daga Janairu 2024 ta fara sa manyan jiragen da ke shiga tashoshinta su sayi takardar izinin fitar da hayaƙi.

5. Jiragen kamun kifi

A nan ne al'amarin ya fi kusa da tukunyar miya. Jihar Neja tana da manyan ruwaye: Tafkin Kainji da aka tare a 1968, da na Jebba, da na Shiroro, ga kuma Kogin Kwara da Kogin Kaduna. Sarkawa da Nufawa da sauran masunta suna kama tarwaɗa da karfasa da giwan ruwa, a banda su, a kai kasuwannin Minna da sauran birane. A Sabuwar Bussa ne ma Gwamnatin Tarayya ta kafa cibiyar binciken kifin ruwan daɗi ta ƙasa. Masuncin da ya sa inji a kwalekwalensa fetur yake saye, a kan farashin da mai keke-napep yake saye, wani lokaci ma fiye, domin a jarka ake kai masa bakin ruwa. Babu wanda ya yafe masa komai.

Kusa da kifinsa a kasuwa kuwa akwai daskararren kifi na kwali, irin su titus da shawa. Alƙaluman da gwamnati ta sha bayarwa sun nuna ƙasar nan tana bukatar kimanin tan miliyan 3.6 na kifi a shekara, abin da ake samu a gida kuwa bai kai ko kusa da wannan ba. Ana cike wani ɓangare na giɓin da kifin da ake shigowa da shi daga ƙasashe irin su Holan da Norwe da Rasha. Manyan jirage ne suke kama wannan kifi, mai kuwa yana cikin abubuwan da suka fi cin kuɗin mai irin wannan jirgi. A Tarayyar Turai wata doka ta 2003 ta keɓe man jiragen sama na kasuwanci da na jiragen ruwa da na jiragen su daga haraji. A watan Yuli 2021 hukumar zartarwar tarayyar ta kawo shawarar a soke wannan keɓewa, amma da yake maganar haraji tana bukatar amincewar dukan ƙasashe 27, shawarar ta yi shekaru tana jiran su.

Farfesa Rashid Sumaila, wanda ya yi digirinsa na farko a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, yake kuma koyarwa a Kanada, shi da abokan aikinsa sun ƙididdige cewa a 2018 gwamnatocin duniya sun ba sana'ar su tallafin kimanin dala biliyan 35. Dala biliyan 22 daga ciki irin tallafin ne da ke ƙara wa jirage ƙarfin kamu, mafi girman kaso ɗaya kuma shi ne na mai, har da yafe haraji. Ƙananan masunta, waɗanda su ne mafi yawa a duniya, ba su sami ko kashi ɗaya cikin biyar na dukan kuɗin ba.

Illar abin a fili take. Mai mai araha shi ne yake ba jirgi damar tafiya nesa, ya daɗe a teku, ya ja koma mai nauyi a wurin da kifi ya riga ya yi ƙaranci. Ba don arahar man ba, da tafiyar ba ta biya ba, da kifin ya sami sararin hayayyafa. Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta nuna cewa a 1974 kashi 10 cikin ɗari ne na garkunan kifin teku ake kamawa fiye da kima. Yanzu sun haura kashi ɗaya cikin uku. Jiragen ƙasashen nesa suna su a gaɓar Afirka ta Yamma, daga Muritaniya da Senegal zuwa Gini da Gana, masu kwalekwale na waɗannan ƙasashe kuma suna dawowa da koma mara nauyi.

A ranar 17 ga Yuni 2022 Ƙungiyar Ciniki ta Duniya, ƙarƙashin jagorancin Dokta Ngozi Okonjo-Iweala, ta cimma yarjejeniyar hana tallafa wa masu su ba bisa ƙa'ida ba, da masu kama garken da ya riga ya ragu ƙwarai. Nijeriya ta miƙa takardar amincewarta a watan Yuni 2023, yarjejeniyar kuma ta fara aiki a ranar 15 ga Satumba 2025. Wannan mataki ne babba, amma bai soke yafe harajin mai gaba ɗaya ba.

6. Wa ke biyan kuɗin hayaƙi?

Man da ba a biya wa haraji ba, hayaƙinsa ba ya ɓacewa. Yana taruwa a sama tare da na masana'antu da motoci, yana riƙe zafin rana, yana sauya yanayin damina da rani. Nahiyar Afirka baki ɗaya ba ta fitar da abin da ya kai kashi 4 cikin ɗari na iskar kabon ta duniya, amma tana cikin waɗanda suka fi jin jiki.

A 2012 ambaliya ta kashe mutum fiye da 360 a Nijeriya, ta raba fiye da miliyan 2 da muhallinsu. A 2022 waɗanda suka rasu sun haura 600. A ranar 29 ga Mayu 2025 ruwa ya auka wa garin Mokwa na Jihar Neja da asuba, ya ci rayuka fiye da 150, ya tafi da gidaje da hanyoyi. Gaskiya ne ambaliya tana da dalilai na kusa, kamar toshewar magudana da gini a kan hanyar ruwa da sare itatuwa. Amma masana yanayi sun tabbatar da cewa iska mai ɗumi ta fi riƙe ruwa, saboda haka mamakon ruwan sama yana ƙara tsanani yayin da duniya ke ƙara zafi. Wanda ya ƙona man yana wata nahiya, wanda ya rasa gida yana Mokwa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Saboda haka ne shugabannin Afirka, a taron da suka yi a Nairobi a watan Satumba 2023, suka yi kira da a kafa harajin hayaƙi na duniya da zai haɗa da sufurin teku da na sama, a yi amfani da kuɗin wajen taimaka wa ƙasashe masu tasowa. Irin wannan tunani ba sabo ba ne. Tun a 2006 Faransa ta ɗora ɗan haraji a kan tikitin jirgi don sayen magungunan ƙanjamau da tarin fuka da zazzaɓin cizon sauro, maƙwabciyar ƙasar nan Jamhuriyar Nijar kuma tana cikin ƙasashen da suka bi sahu.

7. Hujjar masu son a bar abin yadda yake

Adalci ne a saurari ɗaya ɓangaren, domin hujjojinsu ba na wasa ba ne.

Na ɗaya, haraji yakan gangaro ne ya faɗa kan mai saye. Idan kuɗin dakon teku ya tashi, buhun fulawa da kwalin kifi za su tashi a Sabon Gari. Ƙasashen da suke nesa da manyan kasuwanni, da waɗanda ba su da gaɓar teku kamar Nijar da Chadi, su ne za su fi jin nauyin.

Na biyu, kamfanonin jiragen sama na gida ba su da ƙarfi kamar na ƙetare. A watan Mayu 2022 ƙungiyar masu jiragen sama ta Nijeriya ta yi barazanar dakatar da tashi, domin litar man jirgi ta tashi daga naira 190 zuwa naira 700 cikin 'yan watanni. Ga kuma wasu kuɗaɗe da fasinja ya riga yake biya, kamar kashi 5 cikin ɗari na kuɗin tikiti da hukumar kula da sufurin sama take karɓa.

Na uku, ba kowane mai hawa jirgi ne attajiri ba. Akwai manomin da ya yi shekara goma yana tara kuɗin kujerar Makka, akwai ɗalibi, akwai majinyaci.

Masu son a soke gatan suna amsawa da cewa waɗannan hujjoji suna nuna yadda za a tsara harajin ne, ba su nuna a bar shi ba. Ana iya farawa da jiragen alfarma na masu kuɗi da kujerun gaba masu tsada. Ana iya ɗora wa babban jirgin su a keɓe kwalekwale. Ana iya mayar da wani kaso na kuɗin ga ƙasashen da tsadar dako za ta fi shafa. Kuɗin man jirgi kuma ɗan ƙaramin kaso ne na farashin galibin kayan da ke kanti, ko da yake ya fi nauyi a kan kaya masu araha da nauyi irin su hatsi da taki.

8. Inda dokar Nijeriya ta tsaya

Ita ma Nijeriya ta yi amfani da yafe haraji don tallafa wa sufuri. Dokar Kuɗi ta 2020 ta ɗauke kuɗin fito da harajin sayen kaya, wanda aka fi sani da VAT, daga jiragen sama na kasuwanci da injunansu da kayan gyaransu, ta kuma ɗauke VAT daga tikitin jirgi. A watan Oktoba 2024 aka ba da sanarwar ɗauke VAT daga man dizal da gas ɗin girki da iskar gas da ake zuba wa motoci.

A ranar 26 ga Yuni 2025 Shugaban Ƙasa ya sa hannu a kan sababbin dokokin haraji, waɗanda aka tsayar su fara aiki a ranar 1 ga Janairu 2026. A cikinsu akwai tanadin ƙarin kashi 5 cikin ɗari a kan man da aka haƙo daga ƙasa, tanadin da asalinsa yana cikin dokar hukumar gyaran hanyoyin tarayya ta 2007. Dokar ta keɓe kananzir na gida da gas ɗin girki da gas ɗin mota da makamashi mai tsabta irin na hasken rana. Ta kuma ce ƙarin ba zai fara aiki ba sai ranar da Ministan Kuɗi ya ba da umurni a cikin gazet ɗin gwamnati. A watan Satumba 2025 Ministan Kuɗi Wale Edun ya bayyana cewa babu shirin fara karɓarsa nan kusa. Don a gane nauyinsa, a ƙaddara lita tana naira 1,000: ƙarin zai zama naira 50.

Duk ranar da aka zo kan wannan magana, tambayar da ke cikin wannan darasi ita ce za ta taso: wa zai fara ɗauka, kuma ina kuɗin za su tafi?

9. Abin da ya kamata kowa ya riƙe

Na farko, yafe haraji tallafi ne, ko da ba a ga kuɗi sun fita daga baitulmali ba. Haƙƙin jama'a ne su san wa aka yafe wa, nawa ne, kuma don me.

Na biyu, idan za a raba kaya, a fara da mai ƙarfin wuya. Mutumin Sabon Gari ya riga ya ɗauki nasa tun 2023.

Na uku, harajin da ba a ga aikinsa ba yana kashe amana. Kuɗin da aka karɓa da sunan hayaƙi wurinsu shi ne magudanan ruwa, da motocin haya masu araha, da hanyar dogo, da rigunan ceto ga masu shiga jiragen ruwa a kogunan ƙasar nan, da ɗakunan sanyi masu aiki da hasken rana don kada kifin masunta ya lalace.

Na huɗu, ana yanke waɗannan shawarwari ne a Landan da Montiriyal da Jeniba da Abuja, amma sakamakonsu yana isowa har rumfar mai kifi. Ya kamata ƙungiyoyin masunta da na direbobi da na 'yan kasuwa su riƙa bin labarin, su halarci zaman jin ra'ayin jama'a da majalisa kan kira, su kuma tambayi wakilansu matsayin da suka ɗauka. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Tambayoyi don nazari

1. Mene ne bambancin tallafi na fili da tallafi na ɓoye? A kawo misali ɗaya na kowanne.

2. Me sashe na 24 na yarjejeniyar Shikago ya hana, me kuma bai hana ba?

3. Me ya sa yake da wuya ƙasa ɗaya ta ɗora wa man jiragen teku haraji ita kaɗai?

4. Ta yaya arahar man manyan jiragen su take shafar masuncin da ke Kainji ko Shiroro, da mai sayen kifi a kasuwar Minna?

5. A kawo hujja biyu ta masu son a bar gatan, da amsar da ake ba kowacce.

6. Idan aka tara kuɗi daga irin wannan haraji, wane aiki ne ya fi cancanta a fara yi da su a garinku, kuma don me?